Muƙamuƙin Jaki a Wuyan Falmata

Ku samarin da ke zuwa kuna tambayata ko akwai gurbin gardi, wato mai gadi, a lakwal, makarantar boko ke nan, na lura idonku duk a wuri ɗaya yake: kujerar da ke gindin dogon yaro. Kun ɗauka aikin ke nan, a zauna, a riƙe sanda, a kori akuya. To, ku gyara zama. Kuma kada ku raina ni, ni ma na yi boko. Na kai aji uku kafin Faransanci ya ga ba zai iya da ni ba, muka rabu lafiya, ba wanda ya kai ƙarar wani.

Aikin farko da marigayi Ba Kyari ya koya mini, tsohon gardin da na gada a wata lakwal ta gefen Diffa wajen gulbi, shi ne bugun janti. Janti ƙarfen tayar babbar mota ne da aka rataye a reshe, shi ne ƙararrawarmu. Na zo da gemuna, na bar noman tattasai saboda ciwon baya, ina ganin me za a koya wa mutum a dukan ƙarfe. Ranar farko na zage na narka masa guduma a tsakiya. Ƴan aji ɗaya suka fashe da kuka, mai ƙosai ta kifar da tasa. Ba Kyari ya ce, "Kai, a shiga aji ka ce, ko gobara ta tashi?" Bugun shiga a baki ake yinsa, da sauri. Bugun rakare, wato hutun hantsi, a ciki ake yinsa, a bar shi ya yi amo. Na tashi kuwa ko da tsinke ka taɓa, za su ji.

Shafa allo ma ilimi ne. Tsofaffin pil, wato batiran rediyo, nake tsinta, in fasa, in kwashe baƙin da ke ciki, in kwaɓa da ƙaro da ruwa kaɗan. In ƙaro ya yi yawa allo ya yi santsi, alli ya ƙi kamawa. In ya yi kaɗan, mushe, wato malamin aji, ya jingina ya fito da baya kamar an ja shi a murhu, kuma kai ne za ka ji a jikinka. Tafin hannuna bai sake yin fari ba sai da na bar aiki. Ga ɗaurin azuzuwan zana bayan girbi, ga iyayen da ke zuwa ɗauke yara lokacin tsinkar tattasai, kowa da labarin kakarsa da ba ta da lafiya. Akwai kakar da ta rasu sau uku a hannuna, kullum a kakar tattasai.

Randar ruwa ce ta nuna mini irin mutanen da nake tsaro. Ƴaƴan ma'aikata da bidonsu na ruwa suke zuwa. Sauran, Barebari da Fulani da Larabawa da Tubawa, moɗa ɗaya suke sha. Na ga wasu ba sa son sha bayan ɗan maƙeri, sai na yi dabara na ƙara moɗa ta biyu. Kafin mako ya ƙare yara sun raba su da kansu, wannan tamu, waccan tasu. Ba Kyari, yana fama da tari a lokacin, ya zo ya ɗauke ta biyun ya cusa a aljihu. Ya ce, "Moɗa ɗaya. Ƙishirwa za ta koya musu sauran."

Mutane kan ce mugunyar shekara ita ce wadda malamai suka yi ta yajin aiki har karatu ya lalace. A wurina ba ita ba ce. Lakwal da babu yara, shirunta na gaskiya ne, kana iya yin gyangyaɗi a cikinsa. Tawa mugunyar shekarar ita ce wadda yara suka cika fili maƙil, amma ba ka jin kowa.

Aikin ya fara da sabon darakta, shugaban lakwal, bayan rasuwar Ba Kyari. Dogon mutum ne mai tsabta, ba ya fara magana sai ya yi ɗan tari biyu, hm-hm. Ya kira ni ofis.

"Hm-hm. Ba Gardi, harsuna nawa kake ji a filin nan?"

"Mushe, har da na akuya?"

Bai yi dariya ba. Ya ce in duba da rakare, Barebari a gindin wannan itace, Fulani a wancan, ƴaƴan ma'aikata a baranda, kowa ya koma cikin danginsa. Ya ce, "Faransanci ba na uwar kowa ba ne a nan. A ƙarƙashinsa ɗan ma'aikaci da ɗan makiyayi ɗaya suke. Ina son ka samo mini sambol."

Na san sambol, na sha rataya shi a zamanina. Wani abin ƙyama ne da ake rataya wa yaron da aka kama yana yarensu a lakwal. Na ce, "Wi, mushe," wanda shi ne rabin Faransancina.

A bayan kasuwar dabbobi na samo muƙamuƙin jaki. Na dafa shi da kanwa, na shanya, na huda da ƙusa mai zafi, na zura igiya. Aiki ya yi kyau, ba yabon kai ba. Abu ɗaya ne kawai: dahuwar ta sa haƙoran sun saki a ramukansu amma ba su faɗi ba. In an motsa sai su ce kas-kas, kas-kas, kamar tsoho yana jin sanyi.

Ga dokar, ku riƙe ta da kyau. Wanda ƙashin ke wuyansa, da shi zai je gida, da shi zai dawo. Ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani yana yare, a gaban shaida, kuma ya faɗa masa da Faransanci: "Tu a parle, paran le sambol." Wato ka yi magana, karɓi sambol. Wanda ƙarshen mako ya riske shi da ƙashi, bulala da sharar bayan gida.

Da farko wasa ne. Ƙashi na yawo daga wuya zuwa wuya. Yaro zai taka ɗan yatsan abokinsa da gangan don ya ce wayyo. Har ƙara aka kawo mini, wai in yanke hukunci ko wayyo Faransanci ce. Na ce a iya binciken da na yi, Bature ma in an taka shi wani abu makamancin haka yake cewa. Amma na lura ƙashin ba ya kwana a wuyan ƴaƴan ma'aikata, su da Faransanci suke cin tuwo a gida. Ba ya daɗewa kuma a wuyan mai dangi da yawa, don shaidu ba sa yi masa wuya.

Falmata ba ta da kowa. Muna da Falmata da yawa a lakwal, wannan ana ce mata ta Tabki. Ƴar Buduma ce, ubanta masunci a tsibiran Cadi, ya kawo ta ya ajiye a gidan wani ɗan kasuwar kifi don ta yi karatu. A filin nan duka ita kaɗai ce mai harshenta. Barbarcinta kaɗan ne, Hausa sai gaisuwa, Faransanci babu. Yara na cewa tana warin banda, suna matsawa a benci har na ƙarshe ya kusa faɗuwa. Da ta zo yarinya ce mai dariya, in ta ga akuya ta saci ƙosai har ƙasa take zama.

A bakin randa ƙashin ya same ta. An miƙa mata moɗa, ta ce wata kalma da harshensu, ina jin godiya ce. Ranar shaidu har sun yi yawa.

Na ga lokacin da ta fara ƙoƙarin sauke shi. Ta kama wani yaro yana zuba Barbarci, ta ciro ƙashi ta miƙa masa. Ya harɗe hannu ya ce da Faransanci ta faɗa. Ta buɗe baki, kalmomin ba su zo ba. Sai ta ce masa da Barbarci, ai ka yi magana. Fili ya ɗauki ihu, don ga shi ita ma ta sake yin yare. Wani karon ta harhaɗa rabin jimlar da ƙyar, sai aka nemi shaida aka rasa, kowa ya zama kurma. Daga nan ba ta sake gwadawa ba. Ƙarshen mako ya zo, ta sha bulala, ta yi shara. Wani ya zo, haka.

Duk da haka yara ba su saki jiki ba, kowa na tsoron ranar da bakinta zai buɗe a kansa. In ta doso, sai a yi tsit. In ta wuce, a ci gaba. Ina zaune a kujerata, ko ban ɗaga kai ba na san inda take. Hayaniyar rakare kamar tabarma ce shimfiɗe a fili, sai ga wani rami a cikinta yana yawo, daga randa zuwa gindin tuta, daga gindin tuta zuwa bayan aji. A tsakiyar ramin, kas-kas, kas-kas.

Sai magana ta fito cewa jakin yana magana. Wai in ka saurara da kyau, sunaye yake kira, kuma wanda ya kira zazzaɓi zai kama shi. Lokacin gulbi ya cika, sauro ko'ina, zazzaɓi ba ya buƙatar jaki ya aike shi. Amma wani yaro ya kwanta, ƴan ajinsa suka rantse sun ji sunansa a haƙoran. Ramin ya fara faɗi. Aka daina sha in ta sha. Aka daina gudu. Ranar da ramin ya cinye filin duka, na buga rakare, yara suka fito suka tsaya jingim-jingim a rana, ba mai cewa uffan. Ina jin injin ban ruwa daga gonakin tattasai. Ina jin igiyar tuta tana dukan ƙarfe. Mai ƙosai ta ɗauki tasarta ta koma bakin hanya, ta ce ita ba ta saida abinci a maƙabarta.

Darakta ya fito baranda ya tsaya kusa da ni. "Hm-hm. Ba Gardi, ka ji tarbiyya?"

"Mushe, ban ji komai ba."

Matar ɗan kasuwar kifin ta zo ƙofa da kanta. Ta ce, "Ba Gardi, me kuka yi wa ƴar mutane? A gida ma ta daina magana. Tana ci, tana wanke-wanke, amma da ƙashin nan take kwana. In ka gaishe ta sai ta tsura wa bakinka ido." Na ce mata ni ƙofa nake tsaro, abin da ke bayan ƙofa akwai masu shi.

Mai ajin su Falmata ita ce Madam Saratu, Kirista ce daga wajen Maraɗi, mijinta na aiki a wani ofis a gari. Ta je wa darakta ba sau ɗaya ba. Ya ce doka ɗaya ce ga kowa, in ya ɗauke wa yarinya ɗaya, gobe za a ce ya yi son kai, kuma son kan ne ya zo ya kashe. Ba mugun mutum ba ne. Ya yarda da abin da yake faɗa, irinsu kuwa sun fi wuyar juyawa.

Gyaran benci ne ya kai ni ajinta a ranar. Ina durƙushe a baya da guduma sai ta fara darasin zaman tare. Ta sa kowa ya ɗora hannuwa a tebur, baya a sama. Ta bi layi tana nunawa, ga ja, ga baƙi, ga wankan tarwaɗa. Sannan ta ce a juya. Tafuka suka fito duk kala ɗaya. Darasi mai kyau, ko ni na gane shi ba tare da tafinta ba. Don in taimaka, na ɗaga nawa tafin, baƙi ƙirin da shafar allo, na ce ni fa ban da ni. A da, ajin zai kife da dariya. Ba wanda ya ko murmusa. Duk idonsu na kan benci na ƙarshe.

Falmata ba ta ɗora hannu ba. Ta riƙe muƙamuƙin da hannu biyu a ƙirji, ta danne haƙoran kada su yi ƙara. Madam ta je ta kama igiyar a hankali za ta cire. Yarinya ta ƙanƙame, har yatsunta suka yi fari. Madam ta tsaya tana kallonta. Sai ta ajiye alli, ta ɗaga murya da Hausa, a tsakiyar aji, abin da ba a taɓa ji ba.

"Falmata, ƴata, kin ji ni? Hausa nake yi. Ga shaidu cike da ɗaki. Ba Gardi, ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji, Madam, har da karin Maraɗi."

"To, ba ni kayana."

Yarinyar ta miƙe. Ta daɗe tana kallon bakin Madam. Sannan ta yi ɗan tari biyu, hm-hm.

Gudumar ta kusa faɗo mini a ƙafa. Muryar da ta fito ba ta yarinya ba ce. Ta darakta ce, da kaurinta, da yadda yake jan ƙarshen kalma. Ta ce, "Tu a parle, paran le sambol." Kuma ba ta tsaya nan ba. Ta ɗauko jawabin da yake yi a gindin tuta ran Litinin, na tsabta da ladabi da ƙasa ɗaya al'umma ɗaya, ta zuba shi tun daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe, idonta a bango. Ashe duk makonnin nan da ba mai yi mata magana, shi kaɗai take ji, don shi kaɗai ne ba ya yin shiru in ta matso. Wani ƙaramin yaro a gaba ya saki fitsari. Da ta gama, Madam ta sunkuya, Falmata ta rataya mata igiyar.

Madam Saratu ta fita rakare da muƙamuƙin jaki a kan rigar atamfarta, tana takawa a hankali, kas-kas, har gaban ofis. Darakta ya fito. Ya buɗe baki, tarin ya zo, sai ya haɗiye shi, don labari ya riga ya kai masa. Ya ce, "Madam, mene ne haka?" Ta ce, "Doka ɗaya ce ga kowa, mushe. Ran Asabar zan zo shan bulalata." Shi da kansa ya cire mata. Ya miƙo mini ya ce in mayar da shi inda na samo shi. Na kai shi bayan kasuwar dabbobi na binne, har na ɗora dutse, don karnuka.

Kuna jira in ce komai ya daidaita. Hayaniya dai ta dawo fili, mai ƙosai ma ta dawo. Falmata ta fara magana, amma Faransanci kawai, a lakwal da gida da bakin rijiya. Muryar daraktan ta ragu da kaɗan-kaɗan, sai dai tarin bai tafi ba. Kafin sanyi ya wuce ta fi kowa a ajin. Tana tafiya hannunta ɗaya a ƙirji, inda babu komai, kuma har a lokacin in ta matso yara sukan rage murya. Madam ta gwada wata dabara, ta sa kowane yaro ya koya wa aji sunan ruwa da harshensu. Da aka zo kan Falmata, ta miƙe tsaye ta ce da Faransanci mai kyau ba ta sani ba. Darakta kuwa ya daina bi ta ƙofar ajin, sai ya zagaya ta bayan randa.

Tsaron ƙofa yana da ƙa'ida: uba ba ya shiga lokacin karatu, kai ne za ka kira masa ɗansa. Uban Falmata ya zo a motar kifi, wani hantsi, dogo, kafaɗunsa na mai tuƙa jirgi, da ƙunshin banda a takardar siminti. Muka gaisa da Barbarci. Na je na kira ta.

Ta zo ta tsaya a gabansa, hannu a ƙirji. Ya yi dariya ya buɗe hannuwa, ya yi mata magana da harshensu. Ta ce, "Hm-hm. Bonjur, papa." Ya sake magana. Ta ce, "Wi, papa." Dariyar ta bushe a fuskarsa. Ya juyo gare ni.

"Mai ƙofa, wa ke magana a bakin ƴata?"

Na ce masa ilimi ne, haka yake yi wa wasu da farko. Bai saurare ni ba. Ya ajiye ƙunshin ya tsuguna a ƙasa har fuskarsu ta daidaita, ya riƙa yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ba na jin Budumanci, amma na gane sunaye yake jerawa, in ya faɗi ɗaya sai ya dakata. Wataƙila uwarta, wataƙila ƙannenta, wataƙila shanunsu. A kan wani suna leɓenta ya motsa. Kalma ɗaya ta fito, ƴar siririya, da muryar yarinya.

Nan take ta daskare. Ta waiga hagu, ta waiga dama. Ba kowa a wurin sai ni. Ta tako ta tsaya a gabana, ta sauke hannuwa, ta sunkuyar da kai ta miƙo wuya.

Uban ya ce, "Me take jira?"

Na ce mata da Barbarci ban ji komai ba. Na ce mata da Hausa. Na tattaro ɗan Faransancina na ce mata an gama, babu. Ba ta ɗago ba. Ina ganin bayan wuyanta, inda igiya ta ci fata ta bar zane.

Madam Saratu ta fito da gudu, alli a hannunta, ta ce in fassara. Ta ce yarinyar ta fi kowa, ya bar ta ta kai jarrabawa, ita da kanta za ta riƙe ta a gidanta. Na fassara duka, har na ƙara gishiri. Ya saurara har ƙarshe, don mutum ne mai ladabi. Sannan ya shafa zanen wuyan da babban yatsansa, ya ce, "Ka ce wa malama na gode. Abin da kuka zuba mata, in ana kwashewa, ku kwashe abinku. Wanda kuka cire nake nema."

Ya bar wa Madam ƙunshin bandar. Ya kama hannun ƴarsa, na buɗe musu ƙofa.

Suka bi hanyar tasha, shi yana magana, ita tana kallon gabanta. Yakan faɗi abu sai ya yi shiru, ya bar mata wuri, sannan ya ci gaba. Ya sake bari, ya ci gaba. Ni da Madam muna tsaye a ƙofa har suka kai kwanar masu faci. A nan ya sake yin shiru, kuma wannan karon shirun ya fi sauran tsawo, har na ga ya sunkuyo da kansa wajenta kamar mai saurare. Madam ta damƙe hannun rigata ta ce, "Ta amsa? Ba Gardi, ta amsa?"

Sai motar tattasai ta ratsa tsakaninmu da su. Da ta wuce, sun sha kwana.